Yadda Na Kusa Yasar da 'Yata a Juji

A majalisarmu ta Yakasai ni ne malamin sunaye. Ba wanda ya naɗa ni, 'yar Larabcin da na tsinta a Islamiyya ce ta ba ni sarautar. In aka ce Kande, in ce macen da ta biyo bayan maza. Gambo, mai bin tagwaye. Marka, haihuwar tsakiyar damina. Abokai su gyaɗa kai, ni kuma in ƙara kurɓar shayi.

Da matata ta haihu, na ƙudura zan yi wa kakarta takwara. Kowa Iya yake ce mata, ba mai kama sunanta, sai a katin asibitinta na leƙo shi: Ayashe. Nan take na yanke fatawa cewa A'isha ce bakin mutanen da ya lanƙwasa, kamar yadda Hadiza ta koma Dije. A'isha kuwa mai rayuwa ke nan. Ban tambayi kowa ba. Malami yana tambaya ne?

Na hau adaidaita sahu na kai aiki wurin masu buga takardu, aka yi mini sitika 200 da za a manna a robobin rabo: "Barka da zuwa Ayashe". Har da zanen fure.

Ana gobe suna na kai wa Iya guda ɗaya, ina jiran albarka. Ta sa jikarta ta karanta mata. Sai tsohuwa ta kama dariya har carbinta ya faɗi.

"Angona, 'ya'ya nawa ka binne?"

Na ce, "Subhanallahi, Iya, wannan ce ta fari!"

"To me ta yi maka za ka yashe ta?"

Ashe Hausa ce tsagwaronta: a yashe. Mahaifiyar Iya wabi ta yi ta yi, duk wanda ta haifa sai ya koma. Da aka samu Iya, tsofaffi suka ɗauke ta suka ajiye a kan juji kamar ba a so, wata ta tsinto ta, aka laƙaba mata sunan don mutuwa ta ɗauka kayan banza ce ta wuce. Ta ce haka ake samun su Ajuji ma. Sunanta na yanka kuwa Hauwa'u, ko kusa da A'ishar tawa bai bi ba.

Na yi ƙarfin hali na ce ai ma'anar ta zo ɗaya, tunda ga ta nan ta rayu. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Da asuba liman ya raɗa Hauwa'u. Ni da ƙanena muka kwana ɓare sitika, ashe guda bakwai sun tsere cikin kayan dangin matata. Jiya na shiga majalisa, mai shayi ya ɗaga murya: "A zuba wa Malam Ajuji, kauri ko tsinke?"