Kada a jira yaro ya yi magana kafin a duba shi

Ƙwararren likita yana iya gane otizim, lalurar da ke shafar magana da hulɗa da mutane, wadda wasu ke kira galahanga, a jikin yaro ɗan shekara 2. Amma ko a Amurka, inda kayan aiki suke, galibi sai yaro ya doshi shekara 4 ake tabbatar masa da ita. Shekara biyun nan da ke tsakani ba ƙaramar asara ba ce, domin a lokacin ne yaro yake koyon magana da hulɗa da mutane, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ke jawo jinkirin shi ne kowa magana yake jira. In yaro bai yi ba, sai a ce namiji ne, zai yi. Alhali alamomin suna riga maganar bayyana. A wata 9 ya kamata yaro ya riƙa waiwayowa idan an kira sunansa. A wata 12 ana sa ran gwalantu da ɗaga hannu. Rashin kalma ko ɗaya a wata 16, ko rashin haɗa kalma biyu a wata 24, dalili ne na zuwa asibiti. Alamar da aka fi yi wa sakaci ita ce nuni da yatsa, kuma nuni iri biyu ne. Akwai na buƙata, yaro ya nuna kofi don a ba shi. Akwai na tarayya, ya ga jirgi a sama ya nuna, sannan ya juyo ya dubi fuskar mahaifiyarsa don ya ga ko ita ma ta gani. Yaro mai otizim yana iya yin na farko ya rasa na biyu, ko ya ja hannun babba ya ɗora a kan abin da yake so ba tare da ya kalle shi ba.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance kowane yaro a wata 18, a sake a wata 24. Takardar da aka fi amfani da ita, M-CHAT-R/F, tambayoyi 20 ce na e ko a'a, iyaye ke amsawa, don yara 'yan wata 16 zuwa 30. Kowace amsa mai nuna matsala maki ɗaya ce. Maki 0 zuwa 2 ba abin damuwa, sai dai a maimaita idan yaron bai cika shekara 2 ba. Maki 8 zuwa 20, a tura shi ga ƙwararru kai tsaye. Maki 3 zuwa 7 kuwa, nan ne aiki yake lalacewa. Ƙa'ida ita ce ma'aikacin lafiya ya zauna da iyaye ya bi tambayoyin da amsarsu ta nuna matsala ɗaya bayan ɗaya, yana neman misali, in har maki 2 ko fiye suka rage, a tura shi. Idan aka tsallake wannan zama saboda layi ya yi tsawo, ko dai a tsorata iyayen da ɗansu lafiya lau yake, ko a sallami wanda yake buƙatar taimako. Akwai kuma kuskuren lissafi: a tambaya ta 2, ta 5 da ta 12, amsar "e" ce ke nuna matsala, saɓanin sauran.

Masu ja da tantance kowa da kowa suna da hujja. A 2016 wani kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce shaidar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci a kan yaran da ba wanda ya nuna damuwa a kansu ba. Gaskiya ne kuma takardar tana kuskure wasu yara, musamman waɗanda bakinsu ya buɗe da wuri. Duk da haka ina ganin a yi. Aikin mintoci kaɗan ne, kuma yawancin yaran da aka tura bayan zaman bin diddigi, ko ba otizim ba ne, akan same su da wani jinkirin girma da ke buƙatar kulawa.

Tantancewa dai ba hukunci ba ce. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim. Ƙwararru ne ke kallon yadda yaro yake wasa da hulɗa, su haɗa da tarihin girmansa. Kafin nan a gwada jinsa, domin yaron da ba ya ji sosai shi ma ba ya amsa suna. Kuma kada a ce sai sakamako ya fito za a fara koyar da magana da horar da iyaye yadda za su yi wasa da shi fuska da fuska, tunda jiran ganin ƙwararre yakan ɗauki watanni.

Yara iri biyu ba a jira musu ranar tantancewa. Na farko wanda ya fara faɗin kalmomi ko haɗa ido sannan ya daina, abin da yakan faru tsakanin wata 15 da 24. Da yake lokacin ya yi daidai da na wasu allurai, ana ɗora musu laifi, amma binciken da aka yi a Denmark a kan yara fiye da 650,000, wanda aka buga a 2019, bai sami alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da otizim ba. Na biyu ƙanin yaron da aka riga aka tabbatar wa lalurar: kusan 1 cikin 5 na irin waɗannan ƙannen su ma ana samun su da ita, don haka a sanar da likita tun zuwan farko, a riƙa duba shi a kowane zuwa.