Ƙuri'ar lauya ba ta shugaban reshe ba ce

Duk bayan shekara biyu, da zarar zaɓen Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, NBA, ya ƙarato, sai takardun bayan taro su fara yawo a WhatsApp: reshe kaza ya zauna, ya amince baki ɗaya zai mara wa wane baya. Kalmar "baki ɗaya" ɗin nan ce ke ba ni mamaki. Mutanen da gardama ce abincinsu, waɗanda kan kwana a kan ma'anar sashe guda na doka, yaushe bakinsu ya zo ɗaya har haka? Sau da yawa shugaban reshe ne da manyan lauyoyi ƙalilan suka gama magana, aka kira taro don a tafa.

Al'adar tana da asali. Kafin gyaran tsarin mulkin ƙungiyar na 2015, zamanin shugabancin Augustine Alegeh, wakilai ne ke zaɓen shugaba. Ɗan takara ba ya buƙatar shawo kan dubban lauyoyi. In ya kama shugabannin rassa da wakilansu, ya gama. Daga 2016 aka ba kowane lauya da ya biya kuɗin aikinsa na shekara a kan kari damar kaɗa ƙuri'a ta intanet. Doka ta sauya, amma masu cin moriyar tsohon tsari ba su saki ba.

Masu kare dunƙule ƙuri'a suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Lauyoyin Legas da Abuja sun fi na Dutse ko Damaturu ko Birnin Kebbi yawa nesa ba kusa ba. Ƙaramin reshe in ya raba ƙuri'unsa, wa zai hau mota ya je neman goyon bayansa? In ya dunƙule su, ya samu abin ciniki. Na yarda da wannan. Tambayata ita ce, cinikin wa ake yi? Abin da aka saba gani bayan zaɓe shi ne kujerar kwamiti ga wanda ya kawo ƙuri'un. Matashin lauyan da ke ɗaukar fayil yana bin maigidansa kotu-kotu, albashinsa ko kuɗin mota ba ya isa, shi aka sayar da ƙuri'arsa, kuma ba a tambaye shi farashi ba.

Ga kuma karɓa-karɓa, wadda ta riga ta toshe rabin tsoron da ake yi. Shugabancin NBA na zagayawa tsakanin Arewa da Gabas da Yamma. A zagayen Arewa, A.B. Mahmoud ya yi daga 2016, Yakubu Maikyau daga 2022. Idan zagaye ya zo Arewa, 'yan takarar duka namu ne. To dunƙulewar ta kare mu daga wa?

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sirrin ƙuri'a. A rumfar zaɓe mutum kan shiga shi kaɗai. A zaɓen intanet kuwa rumfar ita ce wayarsa, ana iya cewa ya zo ofis ya danna a gaban oga, ko ya turo hoton abin da ya zaɓa. Inda reshe ya riga ya ce "ga namu", ƙaramin lauya da ke jiran a tura masa ƙara ko a sa masa hannu a takarda ba zai iya cewa a'a ba. Nan goyon baya ya koma tilas.

Zaɓen 2020 ya nuna igiyar tana iya tsinkewa. Egbe Amofin, dandalin lauyoyin Yarabawa, ya tsayar da Dele Adesina. Olumide Akpata, wanda ko muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, ba shi da shi, ya kayar da shi da Babatunde Ajibade da rata mai faɗi, matasa ne kuma ƙashin bayan nasarar. Sun karanta takardun dattawa, suka danna abin da ransu ke so.

Ba na cewa reshe ya yi shiru. Ya gayyato duk 'yan takara, a yi musu tambayoyi a bainar jama'a kan albashin ƙananan lauyoyi da cin zarafin da jami'an tsaro ke yi wa lauyoyi. In shugaban reshe yana da gwani, ya faɗa da sunansa, ba da hatimin reshe ba. Kwamitin zaɓen ƙungiyar kuma ya mai da neman hoton ƙuri'ar wani laifin da ke kai lauya gaban kwamitin ladabtarwa, ko da mai neman SAN ne.