Oscar zaɓe ne, a daina mayar da shi ma'aunin fim

Sai a watan Afrilun 2025 ƙungiyar Academy, mai bayar da kyautar Oscar ta finafinai a Amurka, ta ga ya dace ta wajabta wa 'ya'yanta kallon duk finafinan da ke takara a rukuni kafin su jefa ƙuri'ar ƙarshe. Kyautar da aka fara bayarwa tun 1929! Shekara 96 ke nan mutum na iya ɗaukar takarda ya zaɓi gwarzon fim na shekara alhali bai kalli rabin waɗanda ke gaban nasa ba, in ka cire 'yan rukunoni kaɗan da dama suke da nasu sharaɗin. Kuma duk da wannan tonon silili da suka yi wa kansu, har yanzu da an fara musun fim sai wani ya taso ya ce "ai ya ci Oscar", wai shi ya kashe bakin kowa. Jama'a, wannan magana tana ƙona min rai.

Ita kanta sabuwar dokar ku duba yadda aka ɗora ta. Academy tana da manhajarta ta kallon fim a intanet, ta 'yan ƙungiya kaɗai, ita ce ke nuna wanda ya kunna fim da wanda bai kunna ba. Wanda ya ce a sinima ya kalla ko a wani bikin finafinai, fom kawai zai cike ya rubuta inda ya gani da ranar. Manhaja tana iya shaidar an kunna fim, ba ta iya shaidar akwai mutum zaune a gabansa. Fom kuwa amana ce tsakanin mutum da zuciyarsa. A 2014 jaridar Los Angeles Times ta ruwaito masu ƙuri'a biyu da suka amsa cewa sun zaɓi 12 Years a Slave ba tare da sun kalle shi ba, don suna ganin maganar bauta da ya ɗauko ta cancanci a mara mata baya. Fim ne mai nauyi, ya cancanci a kalle shi, kuma abin da aka hana shi ke nan. Ƙuri'ar da aka jefa maka ba a gan ka ba, ko ta kai ka ga nasara ba yabo ba ce.

Abin da nake ta faɗa shi ne Oscar zaɓe ne. Yana da masu jefa ƙuri'a, da 'yan takara, da kamfe, da kuɗin kamfe, da masu ƙirga. Sakamakonsa yana gaya maka abin da wasu mutane kimanin dubu goma suka fi yarda da shi a cikin 'yan makonni na farkon shekara. Iyakarsa ke nan.

Su wa ne mutanen? Ma'aikatan masana'antar ne, an kasa su rassa: jarumai, daraktoci, furodusoshi, marubuta, masu ɗaukar hoto, masu tace hoto, masu sauti, masu sutura da sauransu. A zagayen farko kowane reshe ne ke fitar da 'yan takarar fanninsa, daraktoci su fitar da daraktoci, masu tace hoto su fitar da nasu, gwarzon fim kuma kowa ya sa hannu. Wannan matakin yana da ma'ana, don mai sana'a ya san inda aiki yake. A zagayen ƙarshe ne ake buɗe ƙofa kowa ya zaɓi komai. Jarumin da bai taɓa zama a ɗakin haɗa sauti ba zai yanke hukunci kan sauti, kuma reshen jarumai shi ya fi kowane yawa. Shi ya sa za ku ga kyautar tace hoto tana yawan karkata ga fim ɗin da yankansa ya fi fitowa fili, ta sutura kuma ga fim ɗin zamanin da mai manyan riguna. Alhali duk mai tace hoto zai gaya maka aikin da ya fi wuya shi ne wanda ɗan kallo ba zai lura an yanka ba. A 2012 binciken Los Angeles Times ya nuna kashi 94 cikin ɗari na masu ƙuri'ar fararen fata ne, kashi 77 maza, matsakaicin shekarunsu 62. Sai da aka jera 2015 da 2016 ba baƙar fata ko ɗaya cikin jarumai ashirin da aka tsayar, aka yi ta ce-ce-ku-ce, sannan suka fara gayyato dubban sababbi daga ƙasashe daban-daban. Da masu zaɓen suka canza, sai irin finafinan da ke ci suka canza. To in ma'aunin inganci ne, me ya haɗa shi da wanda ke riƙe da shi?

Tun kafin ƙuri'a ma akwai shinge. Fim sai ya yi kwana bakwai a jere a sinima a ɗaya daga cikin manyan yankuna shida na Amurka, irin su Los Angeles da New York da Chicago, ana haska shi aƙalla sau uku a rana. Daga finafinan 2024 an ƙara wa masu neman gwarzon fim wani sharaɗi: ƙarin kwana bakwai a birane goma daga cikin manyan kasuwanni hamsin na ƙasar, cikin kwana 45 da fitowarsa. Wanda ba shi da kamfanin rarrabawa mai ƙarfi a Amurka ya faɗi tun bai shiga fili ba, komai kyan aikinsa. Duniya tana fitar da dubban finafinai a shekara, waɗanda ake zaɓa a cikinsu 'yan ɗaruruwa ne, waɗanda ake kalla da gaske kuwa ba su kai hakan ba.

Sai kamfe, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ana farawa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba da bukukuwan Venice da Telluride da Toronto, inda ake gwada ruwa a ga wanne ne zai yi tashe. Daga nan sai watanni na tallace-tallace a mujallun masana'anta, da allunan titi a Los Angeles, da haska fim na musamman ana kawo darakta da jarumai su amsa tambayoyi, da liyafa, da ƙwararrun da aikinsu kawai shi ne su san wane mai ƙuri'a ne bai kalla ba tukuna. Kowane fim ana gina masa labari na daban da wanda ke cikinsa: wannan jarumin ya rame saboda rawar, waccan ta daɗe ana danne mata haƙƙi, wannan daraktan lokacinsa ya yi. Anora, wanda ya ci kyauta biyar a Maris 2025, an shirya shi da dala miliyan 6, kamfanin Neon kuma ya kashe kimanin miliyan 18 wajen tallata shi da rarraba shi da yi masa kamfe. Ninki uku na kuɗin fim ɗin. Kuma wannan shi ake kira ƙaramin fim mai zaman kansa. A 1999 kamfen ɗin furodusa Harvey Weinstein da kamfaninsa Miramax ne ya ɗaga Shakespeare in Love sama da Saving Private Ryan, tun daga nan kowa ya koyi darasin. A Janairun 2023 da jaruma Andrea Riseborough ta samu shiga takara da To Leslie, fim ɗin da cinikinsa a sinima bai kai dala dubu talatin ba, saboda manyan taurari sun yi mata gangami a shafukansu, sai Academy ta buɗe bincike. An bar mata takararta, aka tsaurara doka. Kamfen miliyoyi bai taɓa tayar musu da hankali haka ba.

Ƙirgar ma mutane da yawa ba su san yadda take ba. Tun daga bikin 2010, lokacin da aka faɗaɗa gurbin gwarzon fim daga biyar zuwa goma, mai ƙuri'a jera finafinan yake yi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ma'aikatan PwC, kamfanin da ke ƙirga ƙuri'un, su ware takardu bisa zaɓin farko. In babu wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe, a raba takardunsa ga zaɓi na biyu da ke jikinsu, a yi ta haka har wani ya haura kashi hamsin. Mu ɗauka masu zaɓe ɗari ne, finafinai uku. Na farko mutum 40 sun sa shi a sama don ya girgiza su, yawancin sauran 60 kuma sun tsane shi. Na biyu yana da 35, na uku 25. A cire na uku, 20 daga takardunsa su koma wa na biyu, 5 su koma wa na farko. Na biyu ya tashi da 55, ya ɗauki kambu. Tsarin yana neman fim ɗin da ba ya ɓata wa kowa rai. Fim ɗin da ya zo da sabon abu kuwa kusan kullum raba kan mutane yake yi a shekararsa ta farko, sai daga baya ido ya saba.

Tarihi ya riga ya yi alƙalanci. Citizen Kane ya shiga takara tara a bikin 1942, ya fita da ɗaya tal, ta rubutun labari. Vertigo na 1958 takara biyu ya samu, bai ci ko ɗaya ba, a 2012 kuma masu sharhi na duniya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound suka ɗora shi a kan kowane fim. Alfred Hitchcock sau biyar ana tsayar da shi a gwarzon darakta, ba a taɓa ba shi ba. Do the Right Thing na Spike Lee ko gurbin gwarzon fim bai samu ba a shekarar da Driving Miss Daisy ya ci. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na 2015, da mujallar Hollywood Reporter ta koma wa ɗaruruwan 'yan Academy ɗin ta ce su sake zaɓe a kan tsofaffin shekaru. Suka ɗauki Brokeback Mountain suka ajiye Crash, wanda ya ci a wancan lokacin. Suka ɗauki Saving Private Ryan. Suka ɗauki The Shawshank Redemption, wanda ya shiga takara bakwai ya fita hannu rabbana. 'Yan ƙungiya ɗaya, finafinai ɗaya, abin da ya ragu kawai shi ne hayaniyar kamfe.

Na san abin da za a ce. Ai The Godfather ya ci, ai Moonlight ya ci, ai Parasite ya ci. Sun ci, kuma na yi murna. Zaɓe yakan faɗa kan wanda ya dace, wannan bai mayar da shi sikeli ba. Parasite a 2020 shi ne fim na farko da ba na Turanci ba da ya zama gwarzo, a biki na 92. Duk wanda zai ce a shekarun nan kaf Japan da Italiya da Faransa da Indiya da Iran ba su taɓa yin fim ɗin da ya fi na Hollywood a shekara ko ɗaya ba, ya san ba gaskiya yake faɗa ba. Masu cewa ai ɗanɗano ne kowa da nasa, to madalla, sai ku daina kawo mana gunkin zinare a matsayin hujja. Masu cewa a koma bikin finafinai na Cannes a Faransa, can ɗin alƙalai kimanin tara ne ke kallon finafinai ashirin da 'yan kai, aƙalla su suna kallo, amma canza shugaban alƙalan kawai ya isa ya canza wanda zai ɗauki babbar kyautarsu, Palme d'Or. Golden Globes, wata kyautar finafinan ta Amurka, kuwa kada ma a fara. A 2021 aka gano mutum 87 ne ke yanke hukuncin, ba baƙar fata ko ɗaya a cikinsu, har tashar NBC ta ƙi haska bikin 2022.

Ba ƙiyayya ce ta sa nake wannan magana ba. Ina son fim, kuma na san kyautar nan tana canza rayuwar mutane: ƙaramin fim ya koma sinima, darakta ya samu kuɗin aikinsa na gaba, mai ɗaukar hoton da ba wanda ya san sunansa ya tsaya gaban duniya. Saboda tana da wannan ƙarfin ne kuskurenta ke da tsada. Kamfanoni suna duba abin da ke ci su zuba kuɗi a irinsa, shi ya sa kowane ƙarshen shekara ake cika mu da tarihin rayuwar wani shahararre, finafinan ban dariya da na ban tsoro kuma a bar su a bakin ƙofa. Sannan kuskure ɗaya yana haifar da wani. An hana Martin Scorsese kyautar gwarzon darakta a Raging Bull, an hana shi a Goodfellas, sai a 2007 aka ba shi da The Departed. Duk lokacin da aka biya tsohon bashi irin wannan, akwai wanda ya yi aikin shekarar da aka tura layin jira.

Rukunin finafinan ƙasashen waje ma abin takaici ne. Shekara da shekaru dokar ta kasance kowace ƙasa fim ɗaya, kuma kwamitin ƙasar ne ke zaɓa. Indiya ba ta tura RRR ba. Faransa ba ta tura Anatomy of a Fall ba duk da ya ci Palme d'Or a 2023, sai ga shi ya ci Oscar ta rubutun labari ta wata ƙofar. Fim ɗin darakta ɗan Iran Mohammad Rasoulof na 2024 Jamus ce ta tura shi, don ba yadda za a yi hukumomin Iran su tura aikin mutumin da suka yanke wa hukuncin ɗauri. A 2019 an cire Lionheart na Najeriya saboda yawancin maganganunsa da Turanci ne, harshen da ƙasar ke gudanar da mulkinta da shi.

Af, kuma masu wasan kasada. Mutanen da ake cinna wa wuta a jiki, su faɗo daga bene, su kifar da mota a guje a madadin tauraron da sunansa ke kan fosta. Aikin nan lissafi ne zalla: tsawon igiya, gudun mota, kaurin katifar iska, daƙiƙa nawa man kariya zai jure wuta kafin a kashe ta, inda kyamara za ta tsaya don kada a ga fuska. Kuskuren taku ɗaya karaya ce ko rai. Tun 1991 Jack Gill, mai tsara wasan kasada, yake bin Academy a ba su rukuninsu ana mayar da shi. Sai a Afrilun 2025 aka amince, kuma ba za a fara ba sai a biki na 100, a 2028. Jackie Chan, da duk ƙasusuwan da ya karya a gaban kyamara, Oscar ta girmamawa aka miƙa masa a 2016, a wata liyafa daban da babban daren da ake haskawa a talabijin.