Man shanu: kwalbar Bature da goran Bafulatana

A nan Ingila ana sayar da wata kwalba mai murfi da mariƙi, irin ta kamfanin Kilner. In ka juya mariƙin, filafilan da ke ciki su riƙa kaɗa kirim har mai ya fito. 'Yan uwanmu da dama in sun gan ta sai su ce ai wannan ce ya kamata a kai wa matan ruga. Ni ban yarda ba. Aikin da kwalbar ke yi, goran Bafulatana ya daɗe yana yin sa. Bambancin yana ga abin da ake zubawa ciki da kuma sanyin wurin.

Bature kirim yake kaɗawa, wato maiƙon da ke tasowa saman madara, mai kitse kashi 35 zuwa 48 cikin ɗari. Yana iya haka ne don saniyarsa kan ba da lita ashirin ko fiye a rana. Bunaji kuwa, farar saniyar Fulani, in maraƙi ya sha nasa, abin da ya rage lita ɗaya ce ko biyu. Wa zai tsaya yaɗe kirim daga wannan? Shi ya sa ake zuba madarar duka a ƙwarya ta kwana ta zama kindirmo, a kaɗa a gora da sassafe, a kwashe mai, a kai tsala kasuwa don fura. Ba abin da ya tafi a banza. Tsamin kuma shi ke ba man wannan ƙamshin da na kantunan nan ba shi da shi, sai dai irin na Normandi a Faransa, su ma suna barin kirim ya yi tsami kafin su kaɗa.

Ga mai son gwadawa da kwalba: kirim ya kasance tsakanin digiri 12 zuwa 15 a ma'aunin Celsius. In daga firji ka ɗauko shi kai tsaye, za ka yi ta juyi hannu ya gaji, kumfa kawai kake tarawa. In kuma ya haura 20, man zai fito da wuri amma a narke, ya ƙi haɗuwa, wani kaso ya bi ruwa. Kada a cika kwalbar ta wuce rabi, domin sai kirim ya samu filin bugun jikinta. Da farko zai kumbura, sannan ya yi kauri har mariƙin ya yi nauyi. A nan mutane ke karaya, alhali saura ƙiris. Cikin minti 10 zuwa 20 za ka ji ƙarar ruwa, ka ga ɗigo-ɗigon mai kamar tsakin masara. Tsaya nan. In ka zarce, ruwan nono zai shige cikin dunƙulen, ba ya fita kuma. Lita ɗaya ta kirim mai kitse kashi 40 takan ba da giram 400 zuwa 450.

Inda Turawa suka fi mu shi ne wanki. Suna tace ruwan nonon, su zuba ruwa mai ƙanƙara, su danna man da cokalin katako, su zubar, sau uku ko huɗu har ruwan ya fito garau. Sannan gishiri, kamar giram 6 zuwa 8 ga man da lita ɗaya ta bayar. Ragowar nonon da ke maƙale a ciki shi ke sa mai ya yi wari cikin 'yan kwanaki, mu kuwa curin man ma cikin nono ake kawo shi talla. Akwai kuma batun ɗanyen kirim na gona: yana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari. Sikotlan ma ta hana sayar da shi. A ɗumama shi ya kusa tafasa, a bari ya huce sosai a firji kafin kaɗi.

Sai dai wankin nan da firji ya dogara. A zafin Sakkwato ko Damagaram, suya ce magani: a ɗora man a wuta kaɗan da yankakkiyar albasa har kumfa ya kwanta, ruwan ya ƙone, gutsattsarin ƙasa su yi ja ba baƙi ba. A tace a busasshiyar kwalba, kada cokali mai jiƙa ya shiga. Zai yi watanni ana zubawa a tuwo da miyar kuka.