Faston da ke tuƙa keke bai zubar wa kowa da mutunci ba

Na ga hoton, na karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, kuma tun shekaranjiya raina a ɓace yake. Waɗanda muke guruf ɗaya a WhatsApp kun san zancen, ba sai na maimaita ba. An ɗauki bawan Allah hoto bai sani ba, yana zaune cikin keke Napep a bakin tasha yana jiran fasinja, aka watsa, wai ya zubar da mutuncin aikin fasto. Har wani babba da dukanmu muke kira Baba ya ƙara da cewa a kira shi gaban kwamiti ya zaɓi ɗaya, ko bagadi ko titi.

To ni dai ga tawa, kuma ba zan tauna ta ba: idan ba za ku biya shi ba, ku bar shi ya yi sana'arsa.

Wa ya tura shi unguwar nan? Ku ne. Kuka ɗora masa hannu, kuka yi masa addu'a, kuka ce ya je bayan gari inda masu ƙaramin ƙarfi suke komawa saboda hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu, ya tara su ya fara sujada. Ya tafi. Babu gidan fasto, babu fili, babu ko benci. Aji ɗaya ya samu aro a wata makarantar kuɗi, ran Asabar da yamma shi da matarsa suke share shi su jera kujerun yara, ran Lahadi da azahar su mayar da komai yadda suka same shi don kada mai makarantar ya ce su tashi. Waɗanda suke zuwa sujadar su wane ne? 'Yan gadi, masu wankau, leburorin gini, matan da mazansu suka rasu, iyalan da rikici ya koro daga ƙauye da kayan jikinsu kawai. Na taɓa tsayawa ana ƙirga baikonsu bayan an tashi. 'Yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari ne, wasu duk sun yamutse don a bakin zane aka ƙulle su, ma'aji yana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan gwiwarsa. A cikin wannan ne za a biya kuɗin ajin, a cikinsa za a cire kason da ake turawa gunduma, sannan a ce abin da ya rage shi ne albashin magidanci mai 'ya'ya.

Ku da kuka ga hoto kuka ji kunya, wannan bai ba ku kunya ba?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba a nan ta tsaya ba. Gwamnati da kanta ta ga abin ba zai yiwu ba, ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kuma ma'aikata suna kuka da shi har yanzu. Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, fasto nawa ne a sabbin majami'unmu yake ganin wannan kuɗin a ƙarshen wata? Mai sayar da masara ba ya rage wa fasto farashin mudu. Asibiti ba ya karɓar "Allah ya sa albarka" a madadin kuɗin kati. Idan aka koro ɗansa daga makaranta don ba a biya ba, babu wanda ya ɗauki wannan hoton ya tura mana a guruf.

Wani ya rubuto mini cewa wanda Allah ya kira, Allah zai ciyar da shi, fita neman kuɗi rashin bangaskiya ne. Mai wannan magana ma'aikacin gwamnati ne, duk wata alat yana shigo masa. Ban ga dalilin ɓata lokaci a kansa ba. Allahn da ya kira shi, shi ya ba shi hannu biyu da lafiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu wannan suka sun fi ni karatun tauhidi. Sun zauna a aji a Bukuru, a Jos, a Kagoro. To wane Littafi aka karantar da su? A buɗe Ayyukan Manzanni sura 18. Bulus ya isa Koranti, ya sauka wurin Akila da matarsa Bilkisu, saboda me? Saboda sana'arsu ɗaya, ɗinkin tanti. Yana ɗinki a cikin mako, ran Asabar yana majami'a yana muhawara. Shekara ɗaya da wata shida ya yi a garin, kuma ikkilisiyar da muke karanta wasiƙunta har yau daga wannan zaman ta fito. A 1 Tasalonikawa 2:9 ya tuna musu yadda suka yi aiki dare da rana don kada su nauyaya wa kowa. A sura 20 ta Ayyukan Manzanni, da yake sallama da dattawan Afisa, hannuwansa ya nuna musu, ya ce su suka biya masa bukatunsa, har da na abokan tafiyarsa. Mutumin da muke kafa hujja da shi a kowane taron fastoci, a shagon ɗinki za ka same shi da tsakar rana. Amos makiyayi ne mai kula da itatuwan ɓaure. Ubangijinmu kansa, mutanen garinsu da sana'arsa suka san shi, masassaƙi. Wane mutunci ne muke da shi da ya wuce nasu?

Na san ayar da za ku jawo. 1 Korantiyawa 9:14, masu shelar bishara su ci abinci ta hanyar bishara. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma a kan wa ayar ta ɗora nauyi? A kan ikkilisiya. Ku ta umarta ku ciyar, ba ta umarci fasto ya zauna da yunwa yana jiranku ba. Kuma a cikin surar nan ɗin Bulus ya ce yana da wannan haƙƙi amma bai mori ko ɗaya ba. Sa'ad da Sila da Timoti suka iso daga Makidoniya ne ya duƙufa ga wa'azi, kuma shi da bakinsa ya ce 'yan'uwa daga Makidoniya ne suka biya masa bukatarsa. Hanyar a fili take. Kuna so ya ajiye makullin keke? Ku zama Makidoniyarsa. Ku sa hannu a aljihu. In ba za ku biya shi ba, ku bar shi ya yi sana'arsa.

Su kuma manyan majami'un da suke da hali, suna gyaran bene suna sauya motar Rabaran, amma in an zo maganar ƙaramin fasto sai su ce ai Bulus ma ɗinki ya yi, kada ku ɗauka ina bayanku. Wannan zalunci ne, kuma 1 Timoti 5:18 ta riga ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Abin takaici, sau da yawa baki ɗaya ne yake faɗin duka biyun: yau ya hana albashi da sunan Bulus, gobe ya hana sana'a da sunan mutunci.

Mun manta tarihinmu ne kawai. Majami'un da muke taƙama da su a Filato, da kudancin Kaduna, da Adamawa, da kudancin Borno, da ƙauyukan Maguzawa, wa ya kafa su? Turawan mishan ba su da yawan da za su shiga kowane ƙauye. An buɗe tashar mishan a Garkida a 1923, an buɗe makaranta a Gindiri a 1934, an samu Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, amma waɗanda suka ɗauke shi a ƙafa suka kai lungu-lungu masu bishara ne 'yan ƙasa, kuma akasarinsu manoma ne. A Gindiri ana koya musu Littafi ana koya musu noma. A makarantar Kulp da ke Kwarhi kusa da Mubi haka abin yake, karatu da gona tare. Mutum ya sauka a ƙauye da matarsa, ya roƙi fili wurin mai gari, ya yi bukka, da safe yana gona da fartanya kamar kowa, da yamma ya tara yara a gindin itace yana koya musu a, ba, ca da waƙoƙi. Wasu malaman makaranta ne, wasu ma'aikatan ɗakin magani. Ba su da kwala a wuya. Kakanninmu sun saurare su domin sun gan su suna zufa irin tasu. Yau mu jikokinsu muna zaune a ƙarƙashin fanka muna cewa sana'a ba ta dace da bawan Allah ba.

Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi ma. Malamin zaure nawa kuka sani da yake ɗinkin hula, ko yake da gona, ko ɗan tebur a kasuwa? Limamin unguwa nawa ne tela? Na taɓa jin an ce ya zubar da girman malanta? Girmama shi ake yi, a ce ba ya cin na kowa.

Akwai masu cewa hankalinsa zai rabu biyu, ba zai samu lokacin tumaki ba. Ku je ku tambayi tumakin. A cikin keken nan yake ɗaukar masu naƙuda da tsakar dare ya kai asibiti ba ya karɓar ko sisi. A cikinta ya haɗu da rabin mutanen da suke zaune a ajin nan ran Lahadi. Fasinja ya shiga da damuwarsa, kafin a sauke shi an yi hira, an san inda yake kwana. Shi ya san farashin mudu a yau, ya san zafin ranar da mai tuƙa keke ya kasa haɗa balas, wato kuɗin da yake kai wa mamallakin keken, don haka in ya tsaya zai yi maganar zakka da baiko ya san da wa yake magana. Wanda yunwa take raba wa hankali fa? Fasto mai jin yunwa shi ne yake fara kallon fuskar mai kuɗi kafin ya buɗe baki. Shi ne yake ƙirƙiro baiko na musamman kowane mako, yau na shuka, gobe na buɗe hanya. Kun fi son wannan? Da ya bi gidajen membobi yana 'yar murya, da ya tuƙa keke, wanne ne zubar da mutunci?

Ba na cewa abin da daɗi. Wallafa wannan nake yi ina tuna ranar da na karɓi Jibin Ubangiji daga hannunsa. Da ya miƙo gurasar na ga tafin hannun duk kanta, gefen faratansa da baƙin mai da sabulu bai fitar ba, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Mutumin nan yana fita kafin gari ya waye, ya dawo da yamma ya wuce addu'ar tsakiyar mako, ya je gaisuwar rasuwa, ya zauna sulhun miji da mata, sai dare ya tsala yake buɗe Littafi da fitilar waya yana shirya wa'azi. 'Ya'yansa a barci yake barinsu, a barci yake samunsu. Mama matarsa kuwa ita ce Zumuntar Mata, ita ce makarantar Lahadi ta yara, ita ce mai suyar ƙosai da safe. Jiki ba ƙarfe ba ne. Ina jin tsoron ranar da gyangyaɗi zai ɗauke shi a kan titi. Da kwamitin zai zauna don wannan, da ni zan fara zuwa. A zauna a ce majami'u uku masu ƙarfi su ɗauki hayar gidansa ta shekara biyu. A ce wani dattijo mai ritaya ya riƙa zuwa yana karɓar masa wa'azi sau ɗaya a wata. A sayi keken ya zama nasa, ya huta da biyan balas, ya rage awannin da yake yi a hanya. Wannan shi ne aikin iyaye.

Baba, da girmamawa nake faɗa, kun haife mu a cikin bangaskiya kuma ba zan ɗaga muku murya ba. Amma ku ma a ƙauye kuka fara, kuma mun sha jinku kuna ba da labarin yadda kuka yi noman gyaɗa kuka biya wa yaranku makaranta. Abin da ya zama shaida a bakinku, don me zai zama laifi a kan ɗanku? Idan akwai albashi, a fito da shi, na tabbata gobe zai ajiye makulli da murna. Idan babu, a bar shi.

Shi kuma wanda ya ɗauki hoton, ya sani cewa ya ci amanar ɗan'uwansa, kuma ya kamata ya je har gida ya nemi gafara.

Tun da ma an taɓo zancen kujeru, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Kusan duk babbar majami'ar da na sani ta koma kujerun roba, an kwashe tsofaffin bencinan katako an jibge a sito ko a bayan gidan fasto, ruwa yana dukansu, gara tana ci. Haka Littafin Waƙoƙi, tun da aka fara haska waƙa a bango an tara su a kwali, ɓeraye suna yaga. Ga kuma manyan mutane can bayan gari suna ɗurƙushe a kujerun 'yan firamare, mutum shida suna leƙen littafi ɗaya. Ba sai an kafa kwamiti ba kafin a buɗe sito. Duk sakataren da yake riƙe da makulli a majami'arsu ya nemi izinin dattawa ya yi mini magana ta akwatin saƙo, kuɗin mota ni zan nema. In da tsohuwar ganga ko kacau-kacau da 'yan mawaƙa suka daina amfani da su, a haɗa da su.