Marubutanmu, ku daina yi wa mai bibiyar mata a waya kwalliyar masoyi

Ɗiyar yayata da ke karatu a Samaru ce ta turo min wani littafi da ake rububinsa a zaurensu na WhatsApp. Ta ce, "Anti, don Allah ki duba min. Ni kaɗai ce labarin nan yake ba wa tsoro?" Na karanta shi a dare biyu. Saurayi ya hango yarinya a wurin biki, ya samo lambarta ba da saninta ba. Ta toshe shi, ya sayi sabon layi. Ta sake toshewa, ya buɗe shafi da sunan mace ya ci gaba da leƙen abin da take ɗorawa. A babin ƙarshe aka ɗaura musu aure, masu karatu na ta cewa so na gaskiya ke nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin marubuciyar tana da alƙalami, kuma duk kayan haɗin labari mai ɗaga hankali suna hannunta. Sai ta zuba musu turaren soyayya.

Akwai nau'in ƙagaggen labari da ba ya buƙatar aljani ko bindiga kafin ya hana mutum barci. Yana shiga cikin zuciyar wanda ake farauta ne, ya nuna yadda tsoro ke cin ta a hankali har ta soma zargin hankalinta. Irinsa nake ganin adabinmu na intanet yake bukata, kuma ba sai an je Landan neman fage ba. Ɗauki yarinyar da ta ɗora hotonta da yamma. A bayanta ana hango gadar Kwangila. Jibi ta ɗora wani, an ga ƙofar wani shago a PZ. Wanda ya san Zariya ba ya bukatar ilimin kwamfuta kafin ya gane hanyar da take bi da lokacin da take bi. Ta tura kuɗi wurin mai POS, cikakken sunanta ya fito. Idan asusun OPay take amfani da shi, galibi lambar asusun ita ce lambar wayarta. Daga nan sai saƙo ya shigo da ƙarfe ɗayan dare: "Shuɗin mayafin nan na yau ya yi miki kyau." Babu zagi a ciki, babu barazana. Wa za ta nuna wa? Me za ta ce an yi mata?

A nan ne ainihin labarin yake. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mai bibiyar nan sau da yawa yana cikin waɗanda take gaisawa da su: tsohon saurayi, ɗan ajinsu, wanda ta ba wa wayarta ya gyara, wani lokaci ma ƙawar da ke ganin duk abin da ta ɗora. Sannan ga kunya. Idan ta faɗa a gida, tambayar farko ita ce me ya kai ta ɗora hoto. Wani ma zai ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙarshenta a ƙwace wayar, ko a soma maganar dakatar da karatun. Don haka sai ta yi shiru, shi kuwa da shirun nan yake aiki. Marubucin da ya iya sa uwa ta karanta wannan ta ji abin da ɗiyarta ke ji, ya yi abin da wa'azin awa guda bai cika yi ba.

Na san masu cewa irin wannan rubutu zai koya wa ɓata-gari dabara. Ban raina damuwarsu ba, amma masu aikata abin sun riga sun iya. Waɗanda ba su san yadda ake yi ba su ne iyaye da 'yan matan. A 2012 wata ɗalibar babban digiri ta tafi Legas wurin mutanen da ta sani ta Facebook, aka kashe ta a otal a Festac, kuma a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Sun ɗauki watanni suna gina amana kafin ranar. Waɗannan watannin ne labarin jarida ke taƙaitawa a layi biyu, littafi kuwa zai iya zama a kansu.

Doka tana nan. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya yi magana a kan bibiya da tsoratarwa. Sai dai an fi jin amonsa a shari'o'in 'yan jarida da masu suka, har kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Yarinyar Tudun Wada da ake turo wa saƙon dare da wuya ta taɓa jin labarinsa. Littafin da ke cikin wayarta kuwa kullum tana tare da shi.

Daga garin nan na Zariya aka shirya gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Shi ya sa nake jin kunya idan marubucin Zazzau ya tsaya kwafar attajirin saurayi mai naci, alhali labarin da ba a rubuta ba yana ɗakin ƙanwarsa.

Na kira ɗiyar tawa na ce mata ba ita kaɗai ba ce. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce akwai wata lamba da ta toshe sau huɗu tun farkon zangon nan, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.