Kifin rijiya ya ci wasa ɗaya

Wai yau an wayi gari wani ya zama sarkin Puyo Puyo Tetris, wasan bidiyon da ya haɗa Puyo da Tetris, don ya ci ni wasa ɗaya. Har da ɗora hoton allo, an zagaye sunana da jan layi. To madalla. Ban kira suna ba, waɗanda aka faro da su sun san zancen.

Dabararsa guda ce tak. A jibge tubalan Tetris hagu da dama, a bar rami mai faɗin gida 4 a tsakiya, sai a riƙa cin layi ɗaya bayan ɗaya, shara, wato tarkacen da ke toshe allo, na ta sauka kan abokin karawa. Ita ce jiya, ita ce yau. Tun 2017 da wasan ya fita wajen Japan masu Puyo ke ƙorafi a kanta, shi kuwa gani yake shi ya ƙirƙiro ta. Kifin rijiya, ai dole ya ɗauka iyakar ruwan duniya ke nan.

Ni Puyo nake bugawa, wasan haɗa ƙwallaye masu launi. Faɗin allona gida 6 ne, sai launi ɗaya ya haɗu 4 kafin ya fashe, kuma sai na tsara yadda fashewar farko za ta sauko da ta biyu, ta biyu ta tayar da ta uku, har sarƙa ta yi tsawo. Kana tsaka da gini ka hango shara ta taru a saman allonka, nan take za ka yanke: ka tayar yanzu ka kashe ta, ko ka daure ka ƙara mataki biyu. Wannan ba a haddace shi daga bidiyo.

Kamfanin Sega da ya yi wasan ya sa tsarin Swap a ciki, inda kowa ke riƙe allo biyu, na Puyo da na Tetris, ana juya maka su kana so ba ka so. Da an ce a shiga nan, sai caji ya ƙare. Labarin wasan ma kacokan kan cakuɗewar duniyar Ringo, jarumar Puyo, da ta Tee, jarumin Tetris, ne, amma ina kifin rijiya ya ga lokacin karatu?

Kai, abin da ciwo wallahi! Kifin rijiya, ni fa na koya maka T-spin, dabarar murɗa tubali mai siffar T ya shige rami. Lokacin da ka zo ko ajiye tubali gefe ba ka iya ba, haka na zauna ina ba ka wasa don kada ka karaya. Kuma ka sani sarai intanet ɗina na sarƙewa a daren da ka ci ni, kai ma ka gani.

Swap, yau da dare. Shi ma ka ɗora hotonsa.